Daga Bel Zuwa Cen: Tarihin Abin da Ke Juya Tayar Babur

 Yau hirar tamu ta masu babur ce, amma ko keke ba ka da shi ka tsaya ka ji, domin labarin ya fi ƙarfin gareji.

A Amurka da Turai akwai wata al'ada tsakanin masu manyan babura, musamman Harley-Davidson. Mutum zai sayi babur mai tsada, kamfani ya sa masa bel na roba mai juya tayar baya, wanda ba ya buƙatar mai, ba ya ƙara, ba ya ɓata wa mutum wando. Sai ya kai shi gareji, ya biya kuɗi a cire bel ɗin a sa masa cen, irin sarƙar ƙarfen nan da ke jikin Boxer ɗin kowane ɗan acaɓa. Wanda bai san dawan garin ba zai ce kuɗi ne suka yi masa yawa. To amma wannan sauyi ba yau aka fara shi ba. Duniyar babur gaba ɗaya ta taɓa yin sa sama da shekara ɗari da suka wuce, kuma dalilan wancan lokacin su ne dai dalilan yau: ƙarfin inji, yanayin hanya, da tambayar nan ta wa zai gyara maka in abu ya tsinke a daji.

Bari mu faro daga tushe.

Inji yana juyawa a tsakiyar babur, taya tana can baya. Dole a samu abin da zai ɗauki ƙarfin daga nan ya kai can. A 1885, lokacin da Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka haɗa wani babur na katako a Jamus, bel suka yi amfani da shi. A 1894 kamfanin Hildebrand da Wolfmüller na birnin Munich ya fitar da babur na farko da aka ƙera da yawa don sayarwa, shi kuma ba bel ba cen, sandunan fistin ne kai tsaye suke tura tayar baya kamar jirgin ƙasa mai gawayi. Wannan dabara ba ta je ko'ina ba. Wadda ta karɓu ita ce ta wasu 'yan'uwa biyu a Paris, Michel da Eugène Werner, waɗanda a 1901 suka sauko da inji ƙasa tsakanin tayoyi biyu, inda yake har gobe, suka ja bel daga inji zuwa tayar baya.

Abin mamakin shi ne, a lokacin akwai cen. Hans Renold, ɗan Suwizalan mazaunin Manchester, ya yi rajistar irin cen ɗin da muke amfani da shi tun 1880. A 1885 John Kemp Starley ya fitar da keken Rover mai cen zuwa tayar baya, kakan duk kekunan da muka sani. Kai, su kansu baburan farko suna da cen a jikinsu, amma na feda ne. Gefe ɗaya cen da za ka tuƙa da ƙafa har inji ya tashi, ɗaya gefen kuma bel na fata da inji ke ja. To me ya sa ba a ba wa inji cen ba?

Amsar tana cikin halin injin wancan zamani. Silinda ɗaya gare shi, kuma ba ya bayar da ƙarfi a jere. Bugu ɗaya zai yi mai ƙarfi, ya yi shiru, ya sake bugawa. In ka haɗa irin wannan inji da taya ta hanyar sarƙar ƙarfe wadda ba ta sassauci, kowane bugu zai fizgi babur ɗin, ya girgiza mahayi, ya karya wayoyin wili, wani lokaci ya tsinka cen ɗin kansa. Bel kuwa yana ɗan zamewa, yana ɗan miƙewa, sai ya shanye fizgar. Wanda ya taɓa tsayawa gaban injin niƙa ya ga yadda bel ke yi in hatsi ya yi wa inji yawa: sai ya yi ƙugi ya zame, maimakon wani ƙarfe ya karye. Haka abin yake. Sannan baburan farko ba su da kuloci, ba su da giya. A Harley na farko-farko akwai wani hannu a gefen tanki, in ka ja shi sai wani ƙaramin fuli ya danne bel ya ɗaure, babur ya tafi, in ka sake shi bel ya yi sako-sako. Wato bel ɗin shi ne cen, shi ne kuloci. Ga shi da araha, mai ɗinkin sirdi ma zai iya gyara shi.

Amma fa mahayan wancan zamani sun sha wuya. Ruwan sama na sauka, fata ta jiƙe, sai inji ya yi ta ihu babur yana tsaye. Laka ta shiga fuli, haka. Mai ya ɗiga a kai, haka. In an yi tafiya bel ya miƙe, sai mutum ya sauka a gefen hanya ya fito da wuƙa, ya yanke ɗan guntu, ya huda, ya sake haɗawa da ƙugiya. Matafiyi mai hankali ba ya fita sai da bel na biyu a naɗe. In kuwa aka zo hawa tudu, sai a koma feda ana taimaka wa inji, in ta ƙi a sauka a tura.

Kamfanin da ya ƙi bin wannan hanya tun farko shi ne Indian, na garin Springfield a jihar Massachusetts. George Hendee tsohon ɗan tseren keke ne, Oscar Hedstrom kuma injiniya, kuma baburinsu na farko a 1901 da cen ya fito. A Ingila ma akwai 'yan tsiraru irin su Phelon da Moore, da kuma Scott, waɗanda suka rungumi cen da giya biyu da wuri. Amma mafi yawa suna kan bel. Harley-Davidson, da ya fara a Milwaukee a 1903, da bel na fata ya fara. A 1909 ya fitar da injinsa na farko mai silinda biyu, ƙarfi ya ƙaru, kuma ɗaya daga cikin matsalolin da suka kayar da shi ita ce bel ɗin ba shi da abin ɗaure shi, sai zamewa. Aka janye babur ɗin daga kasuwa, bai dawo ba sai 1911. Kun ga alamar farko ke nan: da inji ya fara girma, fata ta fara gazawa.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Ranar ta zo a 1911, a tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ayalan. Tun 1907 ake tseren babura a can, wanda ake kira TT, amma a gajeriyar hanya. A 1911 aka mayar da shi doguwar hanya mai kusan kilomita 60 a zagaye ɗaya, wadda take hawa dutsen Snaefell. Babur mai bel ɗaya ba giya ya shiga uku: in aka daidaita shi don gudu a shimfiɗaɗɗiyar hanya ba zai hau dutse ba, in aka daidaita shi don dutse za a bar shi a baya a fili. Indian ya zo daga Amurka da cen da giya biyu. Oliver Godfrey ya zo na ɗaya, Charles Franklin na biyu, Arthur Moorhouse na uku, dukkansu a kan Indian. Gaskiya Charlie Collier na Matchless ya shigo a matsayi na biyu, amma aka soke shi saboda ya sha mai a inda doka ba ta yarda ba. Ko ma dai yaya ne, Turawan Ingila sun ji kunya a gidansu. A 1912 da 1913 kuma Scott mai cen ne ya lashe babban tseren.

Kada ku ɗauka masu bel sun miƙa wuya nan take. Wani injiniya mai suna Freddie Barnes na kamfanin Zenith ya riga ya fito da wata dabara da ya kira Gradua. Fulin inji yana buɗewa yana tsukewa in mahayi ya murɗa wani hannu a saman tanki, tayar baya kuma tana matsawa gaba ko baya don bel ya ci gaba da zama a ɗaure. Wato giya ba adadi, ba tare da akwatin giya ba. Zenith ya yi ta cinye gasar hawan tudu har wasu ƙungiyoyi suka hana shi shiga, kamfanin kuwa ya mayar da hanin talla, ya sa shi a tambarinsa. Rudge ya biyo da nasa mai suna Multi a 1912, kuma a 1914 Cyril Pullin ya ci babban tseren TT a kan Rudge mai bel. Wannan dabara ta fuli mai buɗewa da tsukewa ba ta mutu ba. Ita ce a cikin sikuta ta zamani da ba a sa mata giya, kana murɗa totur kawai tana tafiya.

Abin da ya ba wa cen nasara ta ƙarshe ba cen ɗin kansa ba ne, wasu abubuwa uku ne da suka zo suka karɓi aikin da bel yake yi a ɓoye. Na farko kuloci na gaske, wanda ya sa ba sai abin da ke jan taya ya zame ba kafin a tashi. Na biyu akwatin giya. Na uku kuwa ƙaramin abu ne da mutane ba sa lura da shi: a 1912 Royal Enfield ya sa gutsattsarin roba a cikin cibiyar tayar baya, tsakanin faifan haƙora da wili, don su shanye fizgar inji. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakanike ya kwance masa tayar baya ya ga waɗannan robobin. In sun cinye za ka ji babur yana fizga in ka ba shi wuta. Aikin da fatar sa take yi a 1905 ke nan, aka mayar da shi cikin wili.

A wannan shekara ta 1912 Harley ya fitar da babur mai silinda biyu da cen da kuloci a tayar baya, a 1915 kuma ya kawo giya uku. A Ingila an ɗan yi zaman rabi da rabi. Triumph Model H na 1915 yana da cen daga inji zuwa akwatin giya uku na Sturmey-Archer, sannan bel daga giya zuwa taya. Kusan 30,000 aka ba sojojin ƙawance a Yaƙin Duniya na Farko, masu kai saƙo suna ratsa lakar Faransa da Beljiyam da su. Babur ɗin ya yi suna wajen aminci, amma laka da ruwa ba su taɓa zama abokan bel ba. Ana gama yaƙi, a 1920, Triumph ya fitar da Model SD mai cen tun daga inji har taya. Kafin shekarun 1920 su ƙare, bel ya zama abin tsofaffin babura da ƙanana masu araha.

Akwai hanya ta uku da ya kamata a ambata a gurguje, wato sandar ƙarfe mai juyawa irin ta mota. Kamfanin FN na Beljiyam ya yi ta a 1905, BMW kuma ya ɗauke ta a babur ɗinsa na farko, R32, a 1923. Tana da tsabta da ƙarko, amma tana da nauyi da tsada, shi ya sa ba ta zama ta talaka ba.

Ta talaka ita ce cen, kuma ya yi mulki na kusan shekara sittin ba mai ja da shi. Aibinsa sananne ne: yana son mai, mai kuma yana kama ƙura, ƙura da mai su zama kamar garin wasa wuƙa su cinye shi. Honda ya magance wannan a Super Cub na 1958 ta hanyar rufe cen ɗin ruf a cikin kwanso, kuma zuwa 2017 an ƙera Super Cub miliyan 100. A shekarun 1970 aka fito da cen mai ƙananan zobban roba da ke kulle giris a cikin kowace gaɓa, ya ƙara masa tsawon rai sosai.

To ta ina bel ya dawo? Ta ɗakin binciken sinadarai. A 1965 wata masaniya a kamfanin DuPont, Stephanie Kwolek, ta gano zaren da daga baya aka sa wa suna Kevlar, wanda ake rigar sulke da shi. Da irin wannan zare a cikin roba, sai aka samu bel da ba ya miƙewa. Aka yi masa haƙora da ke shiga cikin haƙoran fuli, don haka ba ya zamewa ko da ruwa. A 1980 Harley, tare da kamfanin Gates mai yin bel, ya fitar da babur mai suna Sturgis da wannan sabon bel. Kawasaki ma ya sa shi a wani babur ɗinsa a daidai wannan lokaci. Zuwa 1993 har ƙananan Harley da ake kira Sportster duk sun koma bel. Ga mai tafiyar dubban kilomita a kan kwalta mai santsi, wannan ni'ima ce: ba shafa mai, ba yawan ɗaurewa, ba ƙara, kuma yana daɗewa fiye da cen nesa ba kusa ba.

Yanzu mun dawo kan tambayarmu ta farko. Me ya sa mutum zai cire wannan ni'ima?

Dalili na farko tsakuwa ce. Cen in ya haɗu da ƙaramin dutse sai ya murƙushe shi ko ya tofar. Bel kuwa dutsen yana shiga tsakaninsa da fuli ya huda shi, daga nan ya fara yagewa. Dalili na biyu shi ne abin da ke biyo bayan tsinkewa. Bel zobe ne guda ba mahaɗi. A manyan Harley, kafin a sa sabo sai an kwance murfin gefen inji da kuloci, an zare ƙarfen da ke riƙe da tayar baya. Aikin gareji ne na sa'o'i, ba na gefen titi ba. Cen kuwa yana da mahaɗi, da filaya da sifana za ka haɗa shi ka kai gida. Dalili na uku ƙarfi: masu ƙara wa inji girma, ko masu tsere da ɗaga tayar gaba, suna tsinka bel. Na huɗu, cen ya fi bel siranta, don haka mai son faffaɗar tayar baya yana samun wuri.

Na biyar shi ne lissafin haƙora, kuma nan ne abin ya fi daɗi. A ce faifan gaba yana da haƙori 14, na baya 42. Sai na gaba ya juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. In ka mayar da na baya 45, babur zai fi ƙarfin tashi da ɗaukar kaya da hawa tudu, amma gudunsa na ƙarshe zai ragu, ya ƙara shan mai a doguwar hanya. In ka mayar da na gaba 15, akasin haka. Da cen, wannan canji na 'yan kuɗi ne kaɗan, ka ƙara gaɓa ko ka rage. Da bel, sai ka nemi wani fuli da wani bel mai tsawon da ya dace, in ma akwai. Matsalar da ta kayar da masu bel a dutsen Snaefell ke nan ta dawo da sabuwar riga.

Shi aikin sauyin a baki ba shi da wuya. A cire fulin gaba da na baya, a sa faifan haƙora a gurbinsu, a ja cen. Wahalar tana wajen saiti. Dole faifan biyu su tsaya a layi ɗaya cif, shi ya sa ake sa zoben tazara a bayan na baya ko a sayi na gaba mai ɗan tudu. In suka karkace, cen zai ci gefen haƙora, wata rana ya fita ana cikin gudu, kuma cen da ya fita yana iya naɗewa ya kulle taya ko ya fasa inji. Bel a ɗaure yake aiki, cen kuwa sai an bar masa ɗan sassauci saboda hawa da saukar tayar baya. Makullin mahaɗi kuma rufaffen bakinsa ne ke kallon inda cen ya nufa. Sai lamba: manyan babura kan yi amfani da 530 ko 520, ƙanana irin namu 420 ko 428. Lambar farko tana nuna tazarar gaɓa, 5 na nufin kashi biyar cikin takwas na inci, 4 kuma rabin inci. Wanda ya sauya kuma ya sani ya sayi aiki: wankewa, shafa mai, ɗaurewa, da canza cen da faifansa tare in sun cinye.

Shi kansa Harley ya amsa wannan magana da aikinsa. A 2021, da ya tashi yin babur na shiga daji da burji, Pan America, cen ya sa masa. Baburan tseren MotoGP duk cen ne. Yamaha XT500 da Cyril Neveu ya ci tseren Paris zuwa Dakar na farko da shi a 1979, tseren da ya ratsa ta Agadas, cen ne a jikinsa.

Mu a nan ba mu taɓa barin cen ba, kuma ba don ci baya ba ne. Hanyar ƙauye, ƙurar hunturu, buhu biyu da fasinja, da bakanike a gindin bishiya, duk cen suke kira. Ɗan acaɓa a Arewa ko ɗan kabu-kabu a Maraɗi da zai kwana uku yana jiran a kawo masa bel daga waje, gidansa ne zai kwana uku ba cefane. Don haka matashin da ke mafarkin sayo babban babur na hannu daga waje, ya duba abin da ke jan tayarsa, ya tambayi kansa wace hanya zai bi da shi, kuma ina zai samu wani in wannan ya tsinke.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi kowanne muhimmanci. Cen ba ya zamewa, ba ya yafiya. Abin da ya sa ya ci nasara ke nan a 1911, kuma abin da ya sa yake da haɗari ke nan. Kwanson da kamfani ya rufe shi da shi ba ado ba ne. Da yawa suna cire shi don yana ƙara ko don babur ya yi kyau, alhali iyayenmu mata da ƙannenmu suna hawa da dogon hijabi da zani, maza da babbar riga. In cen ko wili ya kama bakin tufa, ba ya saki sai ya jawo mai ita ƙasa. Ku mayar da kwanso, ku ce wa fasinja ta tattare hijabinta kafin a tashi, kuma kada wanda ya goge cen ko ya shafa masa mai da hannu inji yana kunne.

Nan za mu dakata. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.